Wace waya zan saya wa ɗan shekara 12?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekarunsa 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ya tasa ni gaba da zancen waya, wai ana ba su aikin gida da sai an duba intanet. Babansa ya ce a saya masa babba, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Wacce zan saya? Daga Maman Abba, Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba. Ki saya, amma tun ranar farko ya san cewa taki ce, aro ake ba shi. Dama hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ba ta yarda a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba rajistar layi, don haka da NIN ɗinki za a haɗa shi, kuma duk abin da aka aikata da layin ke za a nema.

In kin shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kada masu shago su cika miki ciki da zancen kyamara. Android mai sauƙin kuɗi, irin su Itel ko Tecno, ta wadatar da aikin makaranta. In ta hannu ce, a goge ta tas a gabanki. In an ce za a loda masa fina-finai kyauta, ki ce kin gode.

Kafin ta shiga hannunsa, ki sauke manhajar Family Link ta Google a wayarki. Kyauta ce. Ki buɗe masa asusun yara da ainihin ranar haihuwarsa. Nan ne iyaye da yawa ke yin sakaci, sai a bar yaron shago ya rubuta masa shekara 25 don a gama da wuri, shi ke nan ya zama babba a wajen Google. Da wannan manhajar ke za ki yanke awowin da zai yi a rana, wayar ta kulle kanta da dare, kuma ba zai sauke komai daga Play Store ba sai kin amince. TikTok, Facebook, Instagram da WhatsApp duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙaranci, kin ga Abba bai ma kai ba.

Sai dai Family Link ba ta nuna miki hirar da yake yi da mutane. Shi ya sa na fi yarda da tsohuwar dabara: ya yi aikinsa a falo, bayan Isha'i a jona ta caji a ɗakinki. Ki kuma faɗa masa cewa duk wanda ya nemi hotonsa ko ya ce "kada ka gaya wa Umma", ya kawo miki, ba za ki dake shi ba. Ki cika alkawarin, in ba haka ba gobe ɓoyewa zai yi.

Tambaya: 'Yata tana hadda a Gadon Ƙaya, kira kawai nake so mu riƙa yi. Daga Malam Sani, Kurna.

Amsa: Malam, ƙaramar waya mai madannai ta ishe ta, ga riƙe caji. Ka dai tambaya da kyau, don wasu ƙananan ma yanzu suna hawa Facebook.