Hoto kaɗai ba ya adana saƙa

Tambaya: Kakana masaƙi ne a wani ƙauye kusa da Kura, kuma babu wanda ya gaje shi a gidanmu. Na ɗauki hotunan kayan da ya saƙa da wayata. Shin hakan ya wadatar?

Amsa: Hotunan suna da amfani, amma ba su wadatar ba, domin sakamakon aiki suke nunawa, alhali abin da ake tsoron ɓacewarsa shi ne lissafin da ke cikin kan masaƙin. A saƙar maza, wadda ake fitar da ƙwarya, wato dogon ƙyalle siriri, a harhaɗa da ɗinki, ratsin da ke bin tsawon ƙwarya tun a wurin wadari, wato jera zaren tsaye, ake tsara shi, kafin a zura zare a allera mai ɗaga zaren da matsefi mai matse shi. Saboda haka ka zauna da shi ranar da zai yi wadari, ka rubuta jerin zaren daga wannan gefe zuwa wancan, baƙi nawa, fari nawa, shuɗi nawa, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Wannan lissafi ne wani masaƙi zai ɗauka bayan shekaru ya maimaita aikin daidai.

Idan saƙi ne, wanda ɗigonsa ke kama da jikin zabo, sai ka haɗa da ƙidayar jifan ƙoshiya, abin da ke ɗauke da zaren kwance, tunda launin biyu na saƙi suna haɗuwa ne a tsaye da kwance. Adon luru, wato bargon saƙa, kuwa a kwance ake shigar da shi, don haka bidiyon hannuwansa ya fi kowane rubutu amfani.

Ka auna faɗin ƙwarya da santimita, ka kuma rubuta irin zaren: abawa ce ta kaɗin hannu, ko zaren kanti, ko silikin tsamiya. Tsofaffin barage, tufafi masu jan ratsi, an saƙa su ne da alharini, jan silikin da fatake ke ketowa da shi Sahara daga Tarabulus a zamanin da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya ga kasuwar tufafin Kano a 1851, kuma wanda bai rubuta wannan bambanci ba zai ɗauka duk jan ratsi ɗaya ne. Turkudin Kura, yadin da ake rinawa da baba, yana da tasa matsalar, domin bayan rini da bugu ƙyallinsa kan rufe saƙar a idon kyamara, shi ya sa ya kamata ka nemi guntunsa tun yana fari.

A ganina, guntun ƙwarya kamar kamu ɗaya, wanda aka ɗinke a jikin takarda mai kauri tare da lissafinsa, ya fi hotuna masu yawa daraja. Ka naɗi muryar kakanka yana faɗin sunan kowane ado da wanda ya koya masa, saboda sunan ado kan sauya daga gari zuwa gari. Kada ka rufe guntayen a leda, domin laima kan lalata su, kuma idan ya amince, ka nemi ajiye kwafin bayanan a gidan tarihi irin Gidan Makama da ke Kano.