Haruffan zamanin da a fostar Hausa: wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin zayyana da kwamfuta a Katsina. Wata hajiya za ta buɗe gidan ɗanwake kusa da Ƙofar Durɓi, ta ce tana son fosta mai "kamar ta zamanin da". Na sauke haruffan ado da yawa daga intanet, amma na rasa wanda zan zaɓa. Ina neman shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka kalli kyan kowane salo, buɗe manhajar zane ta CorelDRAW ka rubuta sunan wurin yadda yake: Gidan Ɗanwake, Ƙofar Durɓi. Sa'a ka yi, don wannan layi ɗaya ya tara Ɗ da Ƙ da ɓ. Sai ka riƙa sauya salon kana kallo. Da yawa daga cikin waɗanda ka sauke za su faɗi tun a nan: ko ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko kwamfutar ta aro siririn harafi daga wani salo ta cusa a tsakiyar masu kauri, ya fito kamar baƙo a gidan biki.

Dalili kuwa, an zana asalin waɗannan haruffa ne don tallan Turanci. Salon haruffan da ake kira Clarendon ya fito a Landan a 1845. Manyan haruffan katako na fostocin Amurka sun yaɗu bayan da Darius Wells ya samo hanyar sassaƙa su da inji a Niyok wajen 1828. Oswald Cooper ya fitar da Cooper Black, mai kumburarrun gefuna, a Cikago a 1922, shi kuma Broadway na Morris Fuller Benton ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1920. Ba wanda ya yi tunanin ƙugiyar Bahaushe a cikinsu, kuma masu kwaikwayonsu na yau kaɗan ne suke ƙara ta.

Kada ka bi hanyar da wasu ke bi ta cire ƙugiyar gaba ɗaya, ko ɗora waƙafi a kan d. Tsakanin ƙasa da kasa akwai nisa, haka tsakanin ɓata da bata. Idan salon ya shiga ranka, rubuta D ko K, ka danna Ctrl+Q don rubutun ya koma zane, sannan ka zana ƙugiyar da hannunka. Dabarar da nake yi ita ce in yanko lanƙwasar saman f ko wutsiyar j na wannan salon in dasa, ta haka kaurin zai zo daidai. Kalma uku ko huɗu ne, ba zai ci maka yini ba. Ka dai duba lasisin salon kafin ka yi aikin kuɗi da shi. Na Google Fonts kyauta ne har ga kasuwanci.

Sai maganar "zamanin da" ɗin. Ka koma ka tambayi Hajiya, na wa take nufi? Haruffan katako masu ƙahoni tsoho ne a idon Ba'amurke, mu nan fim ɗin kaboyi kawai suke tuna mana. Ina kyautata zaton abin da ke ranta shi ne rubutun masu fenti na allunan shaguna da jikin manyan motoci: harafi mai kauri, da inuwa a gefe guda, kala biyu ko uku. A ganina Cooper Black ya fi kusa da wannan, kuma taushinsa ya dace da gidan abinci. Broadway ka bar wa katin biki, siraran layukansa ɓacewa suke yi in an hango daga nesa. Ka zaga cikin gari da wayarka ka ɗauki hoton tsofaffin alluna, za su koya maka abin da intanet ba ta da shi.

Adon ya tsaya a kan sunan wurin kaɗai. Lambar waya da farashi da kwatance ka sa su da salo mara ado irin su Noto Sans ko Andika, dukansu suna da haruffanmu masu ƙugiya. Kafin ka kai maɗaba'a, buga gwaji a takarda, ka manna a bango, ka tsallaka titi ka duba ko ɗan acaɓa mai wucewa zai iya karanta "Ɗanwake" ba tare da ya taka birki ba.