Tambaya da Amsa: Lokaci iri ɗaya ne, amma JavaScript ya ce ba ɗaya ba

Tambaya: Salam Malam, ina koyon yaren rubuta manhajar kwamfuta na JavaScript ne, na haɗa Date (abin da ke riƙe rana da lokaci) guda biyu masu rana ɗaya da lokaci ɗaya sak, amma da na gwada su da alamar daidaito == sai ya ba ni false. Kuma wai "9:30" ya fi "10:15" girma. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai shi == in ka ba shi Date biyu ba lokacin da ke cikinsu yake dubawa ba, dubawa yake ko abu ɗaya ne a ma'ajiyar kwamfuta, to kai kuwa biyu ka ƙirƙira, shi ya sa ko === ka saka amsar dai false ce. Yi amfani da getTime() a kowanne, zai ba ka adadin milisakan da suka wuce tun 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sai ka kwatanta lambobin biyu kawai. Su < da > suna aiki kai tsaye, don da kansu suke mayar da Date lamba.

Batun "9:30" kuwa rubutu ne ba lokaci ba, harafi-harafi ake bi, 9 ya fi 1, shikenan an yanke hukunci. Ni dai shawarata ka mayar da su mintuna, 570 da 615, ya fi kwanciyar hankali. Sannan ka kula sosai, a JavaScript wata daga 0 yake farawa, Janairu 0 ne, Disamba 11.