Datsun ɗin da aka cuce ni a kanta

Kai yaro, wai tsakanin tsohuwar Datsun 240Z da ka gani a wayarka da Camry ɗin nan da ke kan jak, wacce ta fi? Ajiye sifanar nan tukuna.

Kada dogon hancin Datsun ɗin ya ruɗe ka. Silinda shida ce a jere, lita 2.4, ƙarfin doki wajen 150. Camry Muscle ta 2007 silinda huɗu ce, amma ta ɗan ɗara ta ƙarfi, ga esi, ga wurin uwargida da yara har da buhun shinkafa a but. Waccan kujera biyu ce tak. Sai dai ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin ƙura da taɓo, ba kwamfuta ko ɗaya a jikinta.

Ka tono min wani miki. Wani Alhaji ya taɓa jawo min irinta da igiya tun daga Bauchi, kaji har sun yi ƙwai a kujerarta. Wata huɗu ina kanta. Kafireta biyu gare ta, da kunne ake daidaita su har numfashinsu ya zo ɗaya. Wankinsu kuwa, in sai na koya maka, koma gida. Sau biyu ina zuwa Panteka a Kaduna da kuɗin aljihuna, don ya ce, "Yi kawai, ni da kai ba ta ɓaci." Ranar da ta tashi, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo.

Sai Alhaji ya miƙa wa ɗansa makulli. Yaron ya kama hanyar Dadin Kowa, allurar zafi ta kai ƙarshe bai ko kalle ta ba, har kan injin ya lanƙwashe, don na alminiyam ne. Washegari Alhaji ya ce aikina ne bai yi kyau ba. Ko kwabo ban gani ba. Daga baya na ji ya sayar wa wani mutumin Legas, a mace ɗin ma ya ci riba. Ni kuwa ko shaida ban kafa ba, wai kunya.

Ku 'yan yanzu in ba a jona na'ura ta karanto muku ciwon mota ba, sai ku tsaya kuna sosa ƙeya. Irinku da irin ɗan Alhajin, Camry ce daidai da ku.

Miƙo min sifana sha huɗu, ka duba ruwan lagireton nan kafin mai ita ya dawo daga masallaci.