Tambayoyinku: Sabar kamfani tana kan kilawud, wa zai yi mata faci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Bara muka kwashe manhajarmu da ke aiki a kan Oracle WebLogic (manhajar saba ta kamfanin Oracle) zuwa injinan haya na Amazon, wato kilawud. Ga lokacin sabunta kwangilar tallafi da Oracle ya zo, kuɗin kuma da dala ne. Oga ya ce tunda muna kan kilawud, tsaro ya koma wuyan Amazon, mu bar kwangilar ta mutu. Hakan ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku bar ta ta mutu, sai dai in kun yanke shawarar barin WebLogic ɗin gaba ɗaya. Kuma ka zauna da oga ka fahimtar da shi cikin ladabi, domin mutane da yawa suna kan wannan zaton.

Amazon da kansa ya rubuta yadda aka raba alhaki. Nasa shi ne ginin, da injinan, da wayoyin, da manhajar da ke yayyanka babban inji ƙanana-ƙanana don haya. Abin da kai ka ɗora a kai kuwa, tun daga Linux ko Windows har WebLogic da manhajar kamfaninku, naka ne. Kamar hayar shago ne a kasuwa: mai shago zai gyara rufi, kwaɗon ƙofa kuwa sai kai. Haka tsarin yake a Microsoft Azure da Google.

Oracle kuma ba ya sakin facin WebLogic, wato gyaran da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi, ga kowa. Sai mai kwangilar tallafi ke iya saukewa, kuɗinta a shekara kan kai kashi 22 cikin ɗari na farashin lasisi. Facin yana fitowa sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, ban da na gaggawa. Na san kuɗin akwai ciwo da yadda naira take. Amma ka duba tarihin wannan manhaja. A Afrilun 2019 masu kutse sun bi wata kafa a WebLogic suna dasa manhajar garkuwa da bayanai ta Sodinokibi tun kafin faci ya fito. A Oktoban 2020 Oracle ya toshe kafar CVE-2020-14882, wadda saƙo ɗaya tak zuwa shafin gudanarwa ya isa a ƙwace sabar ba tare da kalmar sirri ba. Ba a yi makonni biyu ba aka fara lalube intanet ana neman waɗanda ba su yi facin ba, sannan aka gano ana iya zagaye facin farkon, sai da Oracle ya fitar da wani a farkon Nuwamba. Wanda kwangilarsa ta mutu a lokacin, ko ɗaya bai samu ba.

Masu kutse ba sa tambayar ko kamfaninku babba ne ko ƙarami. Na'ura suke saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga ƙofa ta 7001, wadda WebLogic ya saba amfani da ita, a buɗe ta ƙwanƙwasa. Saboda haka ko yau, kafin maganar kuɗi, ka tabbatar shafin gudanarwa da hanyar T3, wato hanyar sadarwa ta WebLogic, ba sa fuskantar intanet. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Abu na ƙarshe da za ka gaya wa oga: in har kuna riƙe da bayanan abokan ciniki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Ku za a tambaya, ba Amazon ba.

Tambaya: Wani dillali ya kawo mana katangar tace saƙonni da ake kira WAF, ya ce in mun saya ba sai mun riƙa tsayar da aiki don faci ba. Ni ce manajar kuɗi, kuma tsayar da aikin nan yana jawo mana asara. In sa hannu?

Amsa: Hajiya, katangar tana da amfani, ki saya in farashin ya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne alkawarin dillalin. Aikinta ta riƙe ku na 'yan kwanaki kafin a gwada faci a saka. Lokacin kafar Log4Shell da aka gano a Log4j, wani guntun manhajar Java da ake cusawa cikin wasu manhajoji, a Disamban 2021, masu kutse sun yi ta sauya fasalin saƙonsu suna wuce irin waɗannan katangu, wanda ya tsira shi ne wanda ya sabunta Log4j ɗin kansa. Ki tuna da Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi na Amurka: facin Apache Struts, manhajar da suke amfani da ita, ya fito a Maris 2017, ba su saka ba, aka shiga a watan Mayu, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita.

Maganin tsayar da aiki daban yake. Ki ware kuɗin saba ta biyu, a riƙa yi wa ɗaya faci ɗayar tana aiki. A kilawud ana iya kunna sabar gwaji na 'yan awoyi a kashe, kuɗin awoyin kawai za a biya.

Tambaya: Mu uku ne, muna gina manhajar makarantu da Java. A matsayin manhajar sabar da za mu ɗora ta a kai, Tomcat na kyauta za mu ɗauka, ko JBoss na kamfanin Red Hat?

Amsa: Ɗan'uwa, ku fara tambayar kanku wane ne a cikinku zai tashi ya yi faci ranar da sanarwa ta fito, ko da ranar Sallah ce. Tomcat ya ishe ku, facinsa kyauta ne, amma ba mai kiranku ya tuna muku. Ku guji tsohon zubi: an daina yi wa Tomcat 8.5 faci tun ƙarshen Maris 2024, kuma har yanzu akwai darussan intanet da ke koyar da girka shi. JBoss EAP na biyan shekara-shekara ya fi dacewa da banki ko babban kamfani mai buƙatar wanda zai kira in abu ya lalace.

Da ni ne ku, da na ɗauki sabis ɗin da mai kilawud ke sabunta dandalin da kansa, irin su Azure App Service ko Elastic Beanstalk da aka kunna masa sabuntawa ta atomatik. Zai ɗan fi injin haya tsada, amma ya sauke muku nauyin sabar da na Java. Guntayen manhajar wasu da kuka cusa cikin aikinku, irin su Log4j, suna nan a wuyanku, don haka ku rubuta jerinsu, ku riƙa gwada shi da kundin kafofin da ake kai hari ta cikinsu wanda hukumar tsaron intanet ta Amurka (CISA) ke wallafawa kyauta tun 2021. Duk abin da kuka ga sunansa a kundin nan, a makon za ku yi masa faci.