Me masu leƙen asirin ƙetare za su nema a kwamfutar ƙaramin ma'aikaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatare ne a wani ofishin bincike a Samaru, Zariya. An ce gwamnatocin ƙasashen waje na yi wa kwamfutoci kutse don leƙen asiri. Ni da ba kowan kowa ba, me za su nema a wajena?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hanyar shiga suke nema, kuma galibi ta hannun ƙaramin ma'aikaci suke samunta.

A Disambar 2015 masu kutse suka katse wutar lantarki a yammacin Yukren, mutum kusan 230,000 suka shiga duhu. Watanni kafin nan aka tura wa ma'aikatan kamfanonin wutar imel ɗauke da takardar ofis mai kama da ta aiki. Da aka buɗe, aka danna maɓallin ba da izini, sai muguwar manhaja ta shige, masu kutsen suka zauna shiru suna tattara kalmomin sirri. Amurka ta ɗora laifin kan sashen leƙen asirin sojan Rasha. Ita kuwa Stuxnet, wata muguwar manhaja da aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tashar nukiliyar Natanz ta Iran, tana yaɗuwa ne ta filash, har cikin kwamfutocin da ba su haɗe da intanet.

Gari kamar Zariya, da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da asibitin koyarwa na Shika, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da barikin horar da kuratan soja, bai kamata ya yi sake ba. Abin da ya fi damuna shi ne filash ɗin da za a kai shagon buga takardu da safe, ya shiga kwamfuta bayan kwamfuta, da rana a soka shi a ta ofis. Don Allah ka daina. Imel ɗin da ke gaggauta ka kuwa, ko da sunan shugabanka ne, kira shi ka tabbatar kafin ka buɗe. Ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida ta biyu, kamar lambar da za ta zo wayarka. Idan ka riga ka danna, kada ka ɓoye, sanar da sashen kwamfuta nan take. Su kuma suna iya kai rahoto ga ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan kutsen kwamfuta ta Najeriya, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Tambaya: Windows 7 ce a ofishinmu na Sabon Gari, amma muna da manhajar kashe bairos. Ta wadatar?

Amsa: Ba ta wadatar ba. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020. Ku sauya ta, kafin nan kuma ku raba kwamfutar da intanet.