Ku Tambayi Tsohon Direba: Mai Keke da Bas a Titunan Katsina

Tun da na ambata a fitowar da ta gabata cewa na jingine tsohuwar motata na koma hawan keke, wasiƙun da ke zuwa mani suka sauya. Da can tambayar inji da takardun mota ake yi, yanzu kuwa mahaya keke ne suka cika akwatin. Ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka daɗe suna tsatsa a zaure aka fiddo su aka kai wa mai faci. Ga huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Direba. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Rafindadi, makarantarmu kuma tana can wajen Ƙofar Ƙaura. Bisa keke nake zuwa aiki. Matsalata 'yan bas ne da 'yan napep. Sai mutum ya wuce ni a guje, nan take ya yanko gabana ya taka birki don ya hango fasinja. Sau biyu ina faɗawa lambatu. Idan bas ta tsaya, in bi ta tsakaninta da bakin titi, ko in zagaye ta? Kuma wai ba su ganinmu ne, ko raini ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita na fi sani. Shekara 32 na yi ina jan bas, na yi Kano, na yi Daura, na yi Jibiya, na yi cikin gari. Raini akwai shi, ba zan wanke abokan sana'ata ba. Amma mafi yawan lokaci, wallahi ba mu ganinku. Direban haya ido ɗaya ke kan kwalta, ɗayan yana bakin titi yana farautar hannun da zai ɗaga. Da ya hango fasinja, ya manta da mai keken da ya wuce yanzun nan.

Ka duba yadda motar take. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da ƙasar nan ta yi canjin hannu muka koma bin dama, direba a hagu yake zama, ƙofar fasinja kuma tana dama. (Ina ɗan shekara 12 lokacin. Na tuna dattawa masu keken Rali da suka yi makonni suna faɗa da kowa a hanya, su a dole kowa ne ya ɓata hannu ban da su.) Wato gefen da kake bi shi ne mafi nisa da idona. Abin da ya haɗa ni da kai madubin dama ne kaɗai. To ka shiga kowace tasha ka dubi madubin damar motocin da ke layi. Wani ya tsage, wani an ɗaure shi da robar tiyub yana kallon ƙasa, wani kuma lafiyarsa lau amma fasinjoji biyun da aka cusa a gaba sun tare shi da kafaɗa da hula. Ko madubin sabo ne fil, akwai inda ba ya nunawa: dab da ƙofar gaba, da kuma bayan motar sak. Saboda haka ka riƙa leƙa madubin direba. Idan ba ka ga fuskarsa a ciki ba, shi ma bai gan ka ba.

Wannan ratar da ke tsakanin bas da bakin titi kuwa, Malam, kada ka shige ta, ko da ta kai faɗin zaure. Nan kwandasta ke zuge ƙofa ya diro ba tare da ya waiwaya ba. Nan tsohuwa ke saukowa da ƙullin kayanta. Kuma direban da ka ga ya tsaya, wataƙila bai gama tsayuwar ba, zai ƙara matsawa gefe don na bayansa ya dame shi da hon. Ga lambatu a damanka, ga ƙarfe a hagunka, ina za ka?

Abin da nake yi yanzu da nake bisa keke shi ne in riga direban ganin fasinjansa. Da bas ko napep ta wuce ni, ba ita nake kallo ba, bakin titin da ke gabanta nake kallo. Idan akwai mai tsaye da jaka, ko mata biyu da goyo a gindin bishiya, na san tsayawa za ta yi, sai in daina taka feda tun daga nesa. Daga nan in waiwaya. Idan hanya ta yi sarari, in miƙa hannun hagu, in zagaye ta ta hagu, in bar tazara mai kyau. Idan akwai mota tafe, in tsaya a bayanta in jira, ba a taɓa korar kowa daga aiki kan daƙiƙa ashirin ba. Yayin da kake zagaye ta kuma, tayar gaba za ka sa wa ido. Sigina na iya mutuwa, direba na iya mantawa da ita, amma mota ba ta fitowa sai tayar gaba ta karkata.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi hana ni barci. Wata rana da hantsi, ina jan babbar bas mai kujeru talatin, zan sha kwana zuwa dama. Doguwar mota ba ta shan kwana kai tsaye, sai ta ɗan buɗe zuwa hagu tukuna. Da na buɗe, wani bawan Allah mai tallan burodi, da akwatinsa a kariya, ya ɗauka hanya na ba shi, ya kutso ta damana. Ban gan shi ba sam. Ihun fasinjoji na ji, sai ƙarar ƙarfe. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya yi tsalle ya faɗa gefe, amma tayar bayan motata ta bi ta kan keken ta lanƙwasa shi kamar an murɗe waya. Na fito jikina na rawa, shi kuwa yana tsince burodinsa yana cewa, "Ai na ga ka kauce ne, direba." Dalilin shi ne tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, yanke kwana take yi ta ciki, kuma iya tsawon mota iya yankewar. Don haka a kwana ko a shataletale, kada ka jera da babbar bas, ko tirela, ko tanka, ko tifa. Ka bar su su gama juyawarsu.

Sannan ka daina manne wa bakin titi don tsoro. Titunanmu na Katsina gefensu yashi ne da kwalabe da ramuka, yashi kuma shi ke kwashe tayar gaba. Ka bar kamu biyu tsakaninka da gefe, kusan mita guda ke nan. An fi ganinka a nan, kuma idan an matse ka kana da wurin gudu. Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura kuwa ni dai ba na shigarta da keke. Bango ne dama, motoci na gangarowa da ƙarfi, sai in bi ta sama ko da zan ɗan jira.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ɗana mai shekara 14 yana zuwa makaranta bisa keke daga Sabuwar Unguwa. Babansa ya ce ya riƙa bin hannun da motoci ke tahowa, wai gara ya ga abin da zai buge shi da a zo masa ta baya. Ni hankalina bai kwanta ba. Wane ne da gaskiya?

AMSA: 'Yata, maigidanki yana da gaskiya, amma gaskiyar mai tafiya a ƙasa ce. Wanda ke tafe da ƙafa a titin da ba shi da wurin masu tafiya, shi ake cewa ya fuskanci motoci. Keke kuwa abin hawa ne, hannun da mota ke bi shi ma nan zai bi.

Ga lissafi mai sauƙi. A cikin gari doka ta tsayar da gudu a kilomita 50 a awa. A ce yaron yana tafiya a 15. Idan hanyarsu ɗaya da motar, da gudun 35 take cim masa, direba na da lokacin ganinsa ya kauce. Idan gaba da gaba ne, 50 da 15 haɗuwa suke yi su zama 65. Motar da ke kan 50 kuma tana cin kusan mita 14 kafin ki ce "ɗaya". Ganin abin da ke tahowa bai da amfani idan babu lokacin kauce masa.

Wanda ya fi wannan muni ma shi ne bakin lungu. Direban da zai fito daga lungu ya hau titi, hagu yake kallo, don ta nan motoci ke zuwa. Haka bas da ta gama sauke fasinja, direbanta madubin hagu yake kallo yana neman sarari. Yaronki kuwa zai ɓullo ta inda babu mai zaton kowa.

Ki sa babansa ya raka shi wata safiyar Asabar su nemo hanyar cikin unguwa, ko da ta fi tsawo, ta yadda babban titi tsallake shi kawai zai yi, ya sauka ya tura keken. A hana shi goyon aboki, a hana shi toshe kunne da abin jin waƙa, a kuma ja masa kunne kan kama bayan tifa ko napep don ta ja shi, abin da yaran yanzu suka mai da wasa. Wannan amsar kuma ki bari sai Malam ya ci tuwon dare ya sha ruwa kafin ki karanta masa.

TAMBAYA: Baba Direba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Na ga wani bidiyo a Facebook na birnin Landan, an ware wa bas layinta an shafa masa jan fenti, masu keke kuma suna bin ciki hankali kwance. Me zai hana a yi mana irinsa a titin IBB ko hanyar Dutsin-Ma?

AMSA: Ɗana, abin da ka gani haka yake. A Landan an yarda mai keke ya bi mafi yawan layukan bas, kuma tun 2022 dokar hanya ta Ingila ta ce mai mota ya bar aƙalla mita 1.5 idan zai wuce mai keke a gudun cikin gari. A nan gida ma akwai layin bas. Legas ta buɗe nata na BRT a 2008, zamanin Gwamna Fashola, daga Mile 12 zuwa CMS. Sai dai na Legas na motocin BRT ne kaɗai, kada wata rana ka je can ka shiga da keke ka ce a Landan ka gani.

Amma fenti ba shi ne maganin ba. Abin da ya sa layin ke aiki a can shi ne bas tana da wurin tsayawa sananne, mai keke ya san inda za ta ratse tun kafin ta iso. Mu kuwa jigilar cikin garinmu napep ce da acaba da ƙananan bas, kowa tasharsa inda aka ɗaga masa hannu. Ka shafa jan fenti yau a kusa da Babbar Kasuwa, kafin Juma'a mai lemo ya kafa teburinsa a kai, mai shago ya ajiye motarsa, sauran kuma yashi ya binne.

Da za a tambaye ni, da wuraren tsayawa zan fara: a ware su a manyan tituna, a sa alama, jami'an KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su tsaya a kai har direbobi da fasinjoji su saba. Fasinjan ma da laifinsa, shi ne mai cewa "a nan, a nan!" a tsakiyar kwana. Sai a kwashe yashin gefen titi, a kuma sa duba madubin dama cikin abin da ake dubawa a tasha kafin mota ta yi lodi. Ku da ke da ƙungiyar ɗalibai kuna iya rubuta takarda a kan wannan, ta fi saurin karɓuwa a kan neman sabon layi.

TAMBAYA: Gaisuwa Baba. Ni mai gadi ne a Daura, ina fita bayan isha'i in dawo da asuba. Kekena ba shi da fitila, amma ai fitilun motoci na haska mani hanya. Ko akwai damuwa?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Fitilar keke ba don ka gani ba ce kawai, don a gan ka ce. Direban bas da ya kwaso daga Katsina cikin dare, ga gajiya, ga fitilar na gabansa ta kashe masa ido, ga hazo idan lokacin hunturu ne, mutum mai baƙar riga bisa keke marar fitila sai ya zo dab da shi yake ganinsa. Ka nemi fara a gaba, ja a baya. Idan kuɗin bai kai ba, ƙaramar tocila mai caji da robar tiyub sun isa gaba, bayan kuma ka samo rigar nan mai ƙyalli irin ta 'yan acaba ka ɗora kan kayanka. Ka tattare bakin riga kada kaca ta kama, ka sa mai gyara ya duba maka birkin duka biyu, hular kwano kuma idan ta samu kada ka ji kunyar sa ta. Ka ajiye lamba 122 a wayarka, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce. Ni jar fitilar bayana a sirdi na ɗaure ta, don da na sa ta a kariya buhun masara ya rufe ta, na yi mako guda ina yawo ban sani ba.